Sharhi: Wa Ke Ɗauko Bincike Daga Samaru Zuwa Kasuwa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk manomin wake ya san tsutsar nan Maruka mai shiga fure da kwanso, wadda idan ta yi muni takan cinye kusan kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. A Disambar 2019 Najeriya ta amince a fitar da irin waken SAMPEA 20-T mai jure mata, aikin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. An yaba wa masana, kuma sun cancanta. Amma da wuya ka ji an ambaci gidauniyar AATF, mai sada manoman Afirka da fasahar noma, wadda hedikwatarta ke Nairobi.

Ita aikinta dillanci ne, irin na kara, inda mai saniya da mai kuɗi ba sa daidaitawa sai da na uku. Ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar, a wancan lokacin, mallakin kamfanin Monsanto ce. AATF ce ta shiga tsakani har aka bayar ba tare da kuɗin haƙƙin mallaka ba. Masanan CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, suka dasa ta cikin wake, Samaru ta barbara shi da irin gida ta gwada a gonaki, hukumar NBMA mai sa ido kan irin da aka sauya wa halitta a Najeriya ta tantance shi, sannan kamfanonin iri suka karɓa. Fiye da shekara goma ana wannan kai-komo. Wane malamin jami'a ne, da lacca da tulin takardun jarrabawa a gabansa, zai iya bin lauyoyi da hukumomi haka? Ana ta jayayya kan irin da aka sauya wa halitta, wannan kuwa maganar wata rana ce.

A gida ma ba mu rasa masu wannan aiki a takarda ba. Hukumar NOTAP ta samowa da bunƙasa fasaha, mai tushe tun 1979, ta buɗe ofisoshin miƙa fasaha ga masana'antu a jami'o'i da dama daga 2006. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, na ɗaukar nauyin bincike da harajin da ake cira daga ribar kamfanoni. Sai dai muddin ƙarin girman malami ya rataya ne kan yawan maƙalun da ya wallafa, ofishin zai zauna da allo a ƙofa, babu mai leƙawa.

Ga cibiyar fasahar fata ta NILEST a Zariya, ga majemun Challawa da Sharaɗa a Kano suna fama da gurɓataccen ruwa. A naɗa wanda albashinsa zai dogara kan kwangilar da ya ƙulla tsakaninsu.