"Ai Ban Zage Ta Ba": Lacca Kan Gaba da Wariya

An naɗi wannan lacca a wani zaman wayar da kai a Jos, aka rubuta ta da ɗan gyara.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, da ƙannena da ke can baya, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi.

Akwai wata magana da kowa a nan ya taɓa ji, wataƙila ma ya faɗa da bakinsa: "Ai ni ban zage ta ba, ban doke ta ba, fita harkarta kawai na yi." Mai faɗin haka yana ganin ya yi dattaku, har jira yake a yaba masa. A kan wannan "kawai" ɗin nake so mu tsaya yau.

Wata baiwar Allah ta zo wurina kwanakin baya. Wata huɗu mijinta bai ce mata uffan ba. Kuɗin cefane yana ajiyewa a kan firij. In yana da saƙo sai ya ce da yara, "Ku gaya wa uwarku." Ta gaishe shi, ya wuce kamar bango ne ya yi magana. Ta rame, barci ya ƙaurace mata. Ta ce da ni, "Malama, me zan je in gaya wa iyayena? In na ce ba ya yi mini magana, sai su ce in yi haƙuri, tunda yana ciyar da ni." Ba ta da tabon da za ta nuna, ba ta da kalmar da za ta maimaita a gaban alƙali.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan abu. Wanda ya fi shahara a kai shi ne Kipling Williams na Jami'ar Purdue a Amurka. Wata rana yana zaune a wurin shaƙatawa, wani faifan roba da mutum biyu suke jefa wa juna ya gangaro wurinsa. Ya mayar musu, suka sa shi cikin wasan, can kuma suka daina jefa masa. Bai san su ba, ba zai sake ganinsu ba, amma abin ya sosa masa rai. Daga nan aka ƙirƙiro wani wasan kwamfuta mai suna Cyberball: ana jefa maka ƙwallo sau ɗaya ko biyu, sai sauran su ci gaba da jefa wa junansu, kai kana kallo. Minti kaɗan ne. Amma waɗanda aka yi wa haka sukan fito suna jin abu huɗu ya ragu a ransu: jin cewa suna cikin jama'a, ganin ƙimar kansu, jin cewa suna da iko da abin da ke faruwa da su, da jin cewa zamansu a duniya yana da ma'ana. Aka gaya wa wasu cewa ba mutane ba ne, na'ura ce take wasa da su. Duk da haka sun ji zafi. Aka gaya wa wasu cewa 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ta KKK ne suka ware su, mutanen da ba sa ƙauna ko kaɗan. Nan ma sun ji zafi.

A shekarar 2003, Naomi Eisenberger da Matthew Lieberman tare da Williams suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna wannan wasa. Lokacin da aka ware su, wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke motsawa idan mutum yana jin raɗaɗin ciwon jiki ya motsa. Da na fara karanta wannan, harshenmu na tuna. Mu ma ai cewa muke yi "abin ya yi mini ciwo", "ya ƙona mini rai". Kakanninmu ba su da na'ura, amma kalma ɗaya suka ba wa ciwon ƙafa da ciwon wulakanci.

Wannan zafin farko kowa yana jinsa, jarumi da rago. Bayansa ne mutane suke rarrabuwa. Wani sai ya shiga lallashi da neman shiga, ya yarda da duk abin da aka ce masa don dai a karɓe shi. Wani kuma sai fushi, ya nemi rigima, domin ko zagi aka yi masa ya san an gan shi. Iyaye mata kun san yaron da in an share shi sai ya fasa kofi. Idan abin ya ɗauki watanni ko shekaru, sai mutum ya saki jiki, ya yarda cewa shi ba kowa ba ne, ya daina fita, ya daina gaisuwa. A nan ciwon damuwa yake samun gindin zama, wasu har su fara tunanin kashe kansu.

Malamai da ke nan sun fi ni sanin labarin Ka'abu ɗan Maliku, Allah Ya ƙara masa yarda. Bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, Annabi (SAW) ya umarci jama'a su daina yi musu magana, aka yi haka har kwana 50. Ba a doke su ba, ba a ɗaure su ba. Ka'abu yana zuwa masallaci, yana zaga kasuwa, babu mai tanka masa. Ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada, mutumin da ya fi so, ya yi masa sallama, bai amsa ba, ya juyo yana hawaye. Aya ta 118 a Suratut Tauba ta siffanta halinsu da cewa ƙasa duk faɗinta ta yi musu ƙunci, rayukansu ma suka ƙuntata. Ku lura, su sun san laifinsu, kuma hukuncin ya zo ƙarshe. Tamu gabar sau da yawa ba a faɗin dalili, ba a yanka mata rana. Alhali hadisi ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Ko a gidan yari, dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da aka sa wa sunan Mandela sun hana kulle fursuna shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Baiwar Allahn nan wata huɗu ta yi, a ɗakin aurenta.

Akwai wani wuri a labarin Ka'abu da ya shafe mu a Jos ƙwarai. Ana cikin ƙaurace masa, sai ga wasiƙa daga sarkin Gassan: mun ji mutuminka ya wulakanta ka, taho wurinmu mu karrama ka. Ka'abu ya jefa ta a wuta. Matasanmu nawa ne suke da ƙarfin jefa irin wannan wasiƙa a wuta? Yaron da ya faɗi jarrabawa aka daina kiran sunansa a gida, wanda ya fito daga gidan yari majalisa ta watse da ya zauna, wa zai fara kiransa "ɗan'uwa"? 'Yan sara-suka da masu sayar da ƙwaya. Su ba sa share kowa.

Kuma garin nan kansa ya ɗanɗana. Tun rikicin Satumba 2001, da na 2008 da 2010, unguwanni suka rabu. Maƙwabtan da suke aika wa juna naman Sallah da shinkafar Kirsimeti suka tashi, kowa ya koma cikin nasa. Yau akwai saurayi ɗan shekara ashirin da aka haifa a Jos, amma akwai unguwar da bai taɓa takawa ba. Ga matan da ke fama da yoyon fitsari da ake ware wa kwano da tabarma, ga masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, ga zawarawa da ake daina gayyata biki. Na waya kuwa kun fi ni sani: ka yi magana a zauren WhatsApp na dangi, kowa ya karanta, babu wanda ya tanka.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Wanda ake cutarwa yana da haƙƙin ya ja jikinsa, ya tsare mutuncinsa. Mai fushi ma gara ya yi shiru da ya faɗi abin da zai yi nadama. Amma ka buɗe baki ka ce, "Raina ya ɓaci kan abu kaza, bari in huce, gobe ma yi magana." Ka faɗi dalili, ka faɗi rana. Haka na roƙi mijin baiwar Allahn nan da muka samu zama da shi ta hannun yayansa. Ya ce shi bai san abin ya kai haka ba, a tunaninsa tarbiyya yake yi.

Bari in ƙarasa muku labarin Ka'abu kafin a kira salla. A safiyar cikar kwana hamsin, yana zaune a saman ɗakinsa bayan Asuba, ya ji wani ya hau dutsen Sala'u yana ƙwala masa kira da albishir. Ya faɗi ya yi sujada. Da mai albishir ya iso, ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba shi, ya ari wasu ya sa, ya nufi masallaci. Yana shiga, Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya miƙe da gudu, ya kama hannunsa ya yi masa barka. Ka'abu ya ce babu wani cikin Muhajirai da ya miƙe masa sai shi, kuma bai taɓa mance wa Ɗalha wannan ba.