Kuɗin da aka bayar ana ɗasawa: bashi ne ko kyauta?

Wani malami ne ya gabatar da wannan lacca bayan La'asar a wata Islamiyya a cikin garin Bauchi. An rubuto ta daga faifan murya, an rage maimaici.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, iyayena mata da ke bayan labule, 'yan uwana matasa, assalamu alaikum.

Kwanan baya mutum biyu suka yi mini sallama a zaure. Na farko yaro ne mai sayar da kayan waya a Wunti, an fasa aurensa bayan an kai lefe. Ya zo da littafi guda, har kuɗin tsiren da ya kai zance ya rubuta. Ta biyu baiwar Allah ce da ta sayar da 'yan kunnenta na gwal da awaki huɗu, ta ba mijinta naira dubu ɗari huɗu ya cika ya sayi keke Napep. Ya sake ta. Keken na nan yana jigila tsakanin Yelwa da Muda Lawal, ita ko sisi. Dukkansu tambaya ɗaya na yi musu: ranar da kuɗin nan suka bar hannu, da wane suna suka fita?

Sadaki ba ya buƙatar dogon bayani. Na mace ne. Aya ta 20 a Suratun Nisa'i ta ce ko tarin dukiya ka ba ta, kada ka karɓi komai idan kai ne ka so rabuwa. Idan ka sake ta kafin ka kusance ta, rabin abin da aka yanka ne nata, kamar yadda aya ta 237 a Baƙara ta faɗa. Idan ita ce ta nemi fita, wannan khul'i ne, kamar matar Sabit ɗan Ƙaisu da ta mayar masa da lambunsa.

Sai kayan neman aure. Malamanmu na Malikiyya suka ce a duba wanda ya fasa. Idan saurayi ne ya juya baya, ba shi da abin nema. Idan yarinyar ce ko iyayenta, yana da damar neman abin da ya kai domin auren, sai fa idan akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta ce ba haka ba. To yaron nan iyayen yarinya ne suka fasa, na ce akwatunanka za su dawo. Amma tsire da lemo da kuɗin kati, na ce ɗana, rufa wa kanka asiri ka yage shafin nan. Ka san hadisin da ya kwatanta mai karɓe kyautarsa da kare mai komawa ga amansa. (Dariya.) Ku yi dariya, amma wasunku littafinsu ya fi nasa kauri.

Inda nake so mu zauna shi ne bashi na gaskiya. A Musulunci aure ba ya haɗa aljihu. Dukiyar mace tata ce, abin da miji ya ranta a hannunta bashi ne kamar na kowa, kuma saki ba ya goge shi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Ya ce ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Shahidi fa! Balle ɗan keke.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa shaidu. Mu kuwa sai mu ce ai tsakaninmu babu haka. Mace na jin kunyar ta ce maigida mu rubuta, kada a ce ba ta yarda da shi ba. Ranar da aka je gaban alƙali kuma, ƙa'ida ita ce hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. Za ki ce ga alat a wayata. Madalla. Dokar shaida ta 2011 ma ta buɗe ƙofar karɓar abin da aka ciro daga waya da kwamfuta. Sai dai alat yana nuna kuɗi sun tafi ne kawai, ba ya faɗin dalili. Shi zai ce taimaka mini ta yi don Allah.

Saboda haka kafin ki zage shi, ki samu iƙirarinsa. Kada fushi ya sa ki goge hirarku ta WhatsApp. Ki tura saƙo cikin ladabi: Baban wane, dubu ɗari huɗun nan na keke, yaushe zan sa rai? Idan ya ce ki yi haƙuri zuwa bayan Sallah, shi ke nan, ya amsa da bakinsa. Idan kika fara da gori, zai toshe lambarki, kin rasa shaidar. Maza ma haka, domin akwai matan da ke riƙe da jarin tsofaffin mazajensu.

Daga nan sai manya: waliyyinki, nasa, liman ko mai unguwa. A zauna a rubuta nawa ne, nawa za a riƙa biya, ranar nawa ga wata, shaidu biyu su sa hannu. Idan ya ƙi, kotun shari'a na nan. Ban ce ofishin 'yan sanda ba. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ban kuma ce Facebook ba. Ki liƙa hotonsa ki kira shi ɓarawo, gobe ke ake nema da ɓata suna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jawo yara ciki: ita ta hana shi ganinsu sai ya biya, shi ya yanke ciyarwa wai yana cire nasa. Ciyar da ɗa haƙƙin ɗan ne, ba a lissafa shi da bashin iyaye.

Idan kuwa kin tabbata da gaske ba shi da shi, aya ta 280 ta ce a saurara masa har ya samu. Mai keke dai yana da shi. Da aka karanta masa saƙonsa a gaban kawunsa, ya sunkuyar da kai, aka yanka dubu ashirin duk ƙarshen wata. Ya kawo na wata uku. Na huɗu yau kwana tara ke nan muna jira, gobe in Allah ya kai mu ni da kawun za mu leƙa shi.

Ga ladan ya tashi. Masu tambaya a rubuce su ba yaran nan, sai bayan Magariba.