Akuyar da ta leƙo tanti

Yaya: Toh jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tun makon jiya saƙonni ke shigowa a kan abu ɗaya, hoton akuyar nan da ta cusa kai cikin tanti a wajen kwanan daji da ke gefen gona.

Auta: Yaya ni idonta ne ya tsaya min a rai wallahi, kamar an ja layi a kwance.

Yaya: Ai haka Allah ya halicce su, akuya da tunkiya da doki duk ƙwayar idonsu a kwance take, shi ya sa akuya ke hango kusan ko'ina a kewayenta ba sai ta juya ba. Amma ni abin da ya ɓata min rai a hoton, ledar biskit ce a bakinta, mutane kuma sai dariya suke yi wai akuya komai ci take. Ba komai take ci ba! Ba ta da hannu ne, da leɓe take taɓa abu ta gane shi, sama ma babu haƙoran gaba sai dasashi mai tauri. In ta haɗiye leda kuwa ba ta narkewa, a tumbi za ta zauna ta dunƙule, dabba ta yi ta rama tana ƙin ci har ta mutu, kai kuma ka naɗe tantinka ka tafi gida tuntuni, mai ita ne zai kwana da baƙin ciki.

Malam: Ko burodin da yara ke miƙa musu ma.

Yaya: Yauwa Malam. In ya yi yawa yana tsami a cikinta, ciki ya kumbura. Ba ƙauna ba ce, cutarwa ce.

Auta: Toh zakaran fa? Wani ya rubuto wai tun ƙarfe huɗu ya tashe su.

Malam: Ya je kwana kusa da gona yana ƙarar zakara?

Auta: Wai kuma ko gari bai yi haske ba.

Malam: Ai ba hasken yake jira ba. An gwada a Jami'ar Nagoya ta Japan a 2013, an ajiye zakaru a ɗaki mai haske kaɗan da ba ya canzawa, suka ci gaba da cara a lokacinsu. Agogon a jikinsu yake. Kuma babban cikinsu ne ke farawa, sauran su bi.

Auta: Wato har da ladabi!

Malam: Sosai, ƙarami ba ya riga babba.

Auta: Toh a gaya wa mai saƙon nan ya kai ƙara wajen babban.

Malam: Sai dai ya same shi da asuba.

Yaya: Kun gama da zakaran? Don ina so mu zo kan na dawa, su ne ba a gani sai dare. Na taɓa haska tocila bakin tanti na ga bushiya tana shinshina inda aka zubar da saura, ƴar mitsitsiya, tana jin motsina ta dunƙule. Kyau kamar me. Amma sauran abincin nan da ya kira ta shi zai kira ɓera, ɓera kuma shi ke kiran maciji, ga dila ko karen daji da in ya saba samu a wajen mutane ya daina tsoro kenan, daga nan sai ya koma kan kajin mai gona, ƙarshenta a kashe shi. Saboda me? Saboda wani ya ƙi rufe kwano.

Malam: Kar kuma a ba bushiya madara, zawo take sa ta.

Auta: Da kakkaɓe takalmi da safe, kunama na son wajen.

Yaya: Da wanke hannu da sabulu in yara sun taɓa ƴan tsaki kafin su ci komai. Kai, lokaci ya tafi, maganar jaki da na shirya ma ba mu taɓo ba, kar dai a tsaya ta bayansa. Sai mako mai zuwa.