Ofis Ya Shigo Ɗaki, Wa Zai Biya Kuɗin Wuta?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Madina ko ta Kasoa a nan Ghana da duku-duku yana jiran motar haya ta tro-tro, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan abin da ya sa maganar aiki daga gida take shiga ran mutane. Ka idar da sallar asuba a gurguje, ka shiga layi, motar farko ta cika ta bar ka, ta biyu ka samu ka maƙale. Kafin ka isa Circle a tsakiyar Accra rana ta ɗaga, rigar da ka goge da dare ta jiƙe sharkaf da gumi. Da yamma kuma a sake sabon lale. Akwai magidanta a garin nan da 'ya'yansu ba sa ganinsu ido biyu sai ranar Asabar. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Accra ya haura mutum miliyan biyar, har ya sha gaban yankin Ashanti, kuma da yawansu tsakiyar gari suke nufa a lokaci guda.

Annobar korona ce ta buɗe wa ma'aikatu ido. Ranar 30 ga Maris 2020 Shugaba Akufo-Addo ya kulle Accra da Kumasi, aka yi mako uku ba fita sai da dalili. Bankuna da kamfanoni da ƙungiyoyi suka sallami ma'aikata gida, kowa da kwamfutarsa a hammata, taro ya koma Zoom. Abin da aka daɗe ana cewa ba zai yiwu ba sai ga shi ya yiwu cikin kwanaki. Da aka buɗe gari wasu suka koma ofis, wasu suka raba mako biyu, wasu kuwa har yau teburinsu na gefen gado.

To amma mu 'yan zango, bari mu faɗa wa kanmu gaskiya: aiki daga gida ba baƙonmu ba ne. Wace ce ta biya kuɗin makarantar rabin masu digirin Nima da Maamobi, in ba mai koko da ƙosai ba? Waakye da duk ƙasar nan take alfahari da shi, daga tukunyar iyayenmu mata ya fito, sunansa ma daga wake ne. Mai tuwon zafi, mai fura, mai kitso, mai keken ɗinki a ƙofar ɗaki, duk a gida suke neman na kansu tun kafin a haifi intanet. Ba wanda ya taɓa shirya musu taron bita a otal. Sai da mai kwat ya zauna a gida sannan abin ya samu suna.

Akwai darasi a wajen mai kokon nan da ma'aikacin ofis bai koya ba. Ita ta san kuɗin gawayinta, ta san na gero da na suga, kuma duk ta zuba su a cikin farashin kofi ɗaya. In gawayi ya tashi, ludayi ya ragu. Shi kuwa ma'aikaci da aka ce ya koma gida, murna ta hana shi lissafi. Ya ga ya huta da kuɗin mota, bai lura an ɗora masa ofis ɗin kacokan a ka ba. A da kamfani ne ke biyan haya, shi ke biyan wuta da ruwa da intanet, shi ya sayi kujera da na'urar sanyaya ɗaki, shi ke zuba wa janareta mai. Yanzu mitar wa ke gudu? Datar wa ke ƙarewa a tsakiyar taro? Albashi kuwa yana nan inda yake. Wannan ita ce maganar da na zo da ita yau, domin na ga ana yabon tsarin ana tsallake ta.

Ku dubi inda muke zaune. Masu tallata wannan tsari suna nuna mana hoton mutum a ɗaki na musamman, ga tebur, ga fure, ga shiru. A gidan haya na Nima ko Sabon Zango ko Aboabo ta Kumasi, ciki da falo ne ga mai hali, saura kuwa ɗaki ɗaya da iyali. Tsakar gida ɗaya, ga daka, ga rediyon maƙwabci, ga yara sun dawo makarantar allo. Ka ce za ka ƙara ɗaki domin aiki? Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara biyu mai gida ke nema, in ba ka da shi ga wani a bayanka. A gidajen da mita ɗaya ce kuma, ana raba kuɗin wuta ne bisa yawan ƙwai da fanka da firjin kowane ɗaki. Ranar da aka lura kai kana ciki tun safe har dare, fanka na juyawa, kwamfuta a jone, to ka shirya wa taron gida a ƙarshen wata.

Ba mu manta da dumsor ba, wato yawan ɗauke wuta, musamman 2015, lokacin da ake kwana a wuni ba wuta. Ba mu manta da 14 ga Maris 2024 ba, farkon azumi, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala, ƙasar nan da maƙwabtanta suka wayi gari shiru. Babban kamfani yana da layi na biyu da na uku. Yaron da ke ɗakinsa a Fadama da wayarsa ɗaya, wa zai yi wa bayani? Wanda ya ba shi aiki daga Ingila bai san teku ba, agogo ya sani. Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo a 2024 ɗin, gaskiya ne, sai dai ba kowane aljihu ne zai ɗauke shi ba.

Ina da ɗan 'yar'uwa a Maamobi, yana amsa wa wani kamfanin ƙetare tambayoyin abokan ciniki. Da yake agogonmu kusan ɗaya ne da na Landan, aikin ya zo masa da sauƙi, ba kamar masu yi wa Amurka ba da ke raba dare ido buɗe. Watansa na farko, yana tsakiyar magana da Bature, abin sauraro a kunne, sai mahaifiyarsa ta ɗaga labule: "Kai da kake zaune, tashi ka kai wa kawunka abincin nan kafin ya huce." Ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata. Ranar sai da aka kira ni sasanci. Ta ce, "Yaya, yaron nan tunda ya fara wannan abu ya daina jin magana." A wajenta, kuma ba laifinta ba ne, namijin da ke gida da hantsi ba shi da aiki, don haka shi ne ɗan aiken gida, shi ne mai zuwa suna, shi ne mai rakiyar asibiti.

Wannan ma da sauƙi. Mafi ciwo shi ne kallon unguwa. Saurayi ba ya fita, kullum yana gaban kwamfuta, ga shi ya sayi sabon babur: kafin ka ce kwabo an fara raɗa cewa ɗan sakawa ne. Ban ce babu masu damfara ta intanet ba, akwai su, kuma sun ɓata wa na kirki suna. Amma yaro ya yi karatu, ya samu halalinsa, a je binciken aure a ce "ina yake aiki?" a amsa "a ɗakinsa," sai ka ga dattawa sun kalli juna. Wannan gyaran namu ne, ba na kamfani ba.

Ga mata kuwa ƙofa ce ta buɗe, ba na musu. Nawa ne suka gama jami'a aure da goyo suka zaunar da su? Yanzu mace tana iya riƙe lissafin kamfani ko koyar da darasi tana ɗakinta. Sai dai in maigida ya ɗauka tunda tana gida girki da wanki da raino duk suna nan yadda suke, to aiki biyu aka haɗa mata a albashi ɗaya.

Sai batun doka. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce awa takwas a rana, arba'in a mako. A ofis, in ka tashi an ga ka tashi. A gida saƙon WhatsApp na shugaba yana shigowa bayan isha'i, kuma ana jiran amsa. Ma'aikacin da ke kan takarda, kamfani na zuba masa kashi 13 cikin ɗari na albashinsa a asusun fansho, shi kuma a cire masa biyar da rabi. Mai yi wa kamfanin waje aikin ƙwadago ba shi da wannan sai in ya kai kansa, ba shi da hutun shekara, ranar da aka rufe masa shafi kuma shi ke nan. Dalar da ake ruɗinsa da ita ma tana da fuska biyu. A 2022 da sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, shi ne sarki a majalisa. A 2025 da sidi ya farfaɗo, albashinsa ya ragu ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Kada kuma mu yi kamar kowa abin ya shafa. Mahauci, direba, ma'aikaciyar jinya, mai gadi, 'yan matan da ke dakon kaya a Makola da Kejetia, babu Zoom ɗin da zai ɗauke musu.

Ni ina goyon bayan tsarin, amma a rubuce. Duk kamfanin da ya ce ka zauna gida, a sa a takarda nawa zai bayar na data da wuta, wa ke gyara kwamfuta in ta lalace, ƙarfe nawa aiki ke tashi. Sabon ma'aikaci kuma a bar shi ya riƙa zuwa ofis kwana biyu ko uku, domin aiki a gefen manya ake koyonsa, da kallo da kuskure da gyara. Asusun raya zango da aka kafa wa doka a 2017, da 'yan majalisarmu da masu hannu da shuni, su duba yiwuwar ɗaki ɗaya a kowace unguwa, mai hasken rana da intanet mai ƙarfi da tebura ashirin, matasa su biya kaɗan su zauna. Filin ƙwallo yana da kyau, amma wannan ma fili ne.

Ɗan 'yar'uwar tawa dai bai jira kowa ba. Shi da abokansa uku suka haɗa kuɗi suka kama wani shago da tela ya tashi, bayan gidansu kaɗan, tafiyar da ba ta kai minti uku ba. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya rataya jaka, ya yi sallama. Jiya na leƙa gidan na tambaye shi, mahaifiyarsa ta ce, "Ai ya tafi ofis, Yaya, sai yamma."