Lacca: Caji Biyu a Kan Layi Ɗaya, da Wurin da Fagen Lantarki Ke Ɓacewa

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da hallara. Maganarmu ta yau a kan ɗigon caji guda biyu ce da aka jera a miƙaƙƙen layi, da abubuwa biyu da suke haifarwa a kewayensu, wato fagen lantarki da fotenshal.

A shekarar 1785 Charles-Augustin de Coulomb, injiniyan sojan Faransa, ya auna ƙarfin da ke tsakanin caji biyu da wani ma'auni mai siririyar waya da ke murɗawa, ya gano cewa idan aka ninka nisa sau 2, ƙarfin yakan koma kashi 1 cikin 4. Daga nan muke samun ƙarfin fage, wato ƙarfin turi ko ja da caji kulom 1 zai ji a wuri (kulom shi ne ma'aunin caji): a ɗauki lambar Coulomb, wadda ta kai kimanin biliyan 9, a ninka ta da yawan cajin, sannan a raba da nisan da aka ninka da kansa. Shi kuwa fotenshal aikin da za a yi ne wajen kawo caji kulom 1 daga nesa ƙwarai zuwa wurin, kuma lissafinsa irin na fage ne, sai dai da nisan kawai ake rabawa, sau ɗaya tak.

Bambancin da ya fi wannan girma shi ne, fage yana da alkibla, fotenshal ba shi da ita. Fage biyu da suka fuskanci juna suna iya kashe juna, amma fotenshal adadi ne kawai da ake tarawa tare da alamarsa.

Mu sa caji mai alamar tarawa na maikrokulom 4 (maikrokulom kashi 1 ne cikin miliyan na kulom) a farkon layi, da wani irinsa na maikrokulom 1 a mita 3. A tsakaninsu kowanne yana tura cajin gwaji, wato ɗan ƙaramin caji mai alamar tarawa da ake ajiyewa don auna fage, zuwa wajen ɗan'uwansa. Babban ya fi ƙaramin sau 4, don haka sai nisa daga gare shi ya ninka nisa daga ƙaramin sau 2 kafin su yi kunnen doki, wato a mita 2 daidai. A nan fage ya zama sifiri. To, fotenshal fa? Da bolt ake auna shi: babban ya ba da bolt 18,000, ƙaramin ya ba da 9,000, jimilla 27,000. A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, suna zaton tunda babu fage, babu fotenshal. Ku kwatanta wurin da kwari a tsakanin tuddai biyu a ƙasa mai tsauni: fotenshal shi ne tsawon wurin, fage kuwa tsananin gangararsa, kuma ƙasan kwarin shimfiɗe take duk da tana can sama.

Yanzu mu mayar da ƙaramin cajin mai alamar ɗebewa. A tsakaninsu ɗaya na turawa, ɗaya na ja, duka zuwa gefe guda, saboda haka fage ba zai taɓa mutuwa a nan ba. Sai an wuce ƙaramin cajin, an kai mita 6, sannan ake samun sifirinsa, kuma fotenshal a wurin bolt 3,000 ne. Ina roƙonku ku riƙa zana kibiyoyin alkibla kafin ku taɓa lissafi, domin lissafin kaɗai zai ba ku mita 2 a matsayin amsa ta biyu, alhali a can fagagen biyu haɗuwa suke yi, ba kashe juna ba.

Fotenshal kuma yana zama sifiri a wurare biyu, mita 2.4 da mita 4. A mita 2.4 babban caji yana ba da fage na niyuton 6,250 a kan kowane kulom (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), ƙaramin yana ƙara 25,000, jimilla 31,250, duka suna fuskantar cajin ɗebewa. Wanda yake da tambaya a kan waɗannan wurare biyu, bismillah.