Wa Ke Gayyatar Fafaroma Zuwa Ƙasa? Ga Yadda Tafiyar Ke Haɗuwa

[Hoto: jirgi a filin jirgin saman Roma, ana jingina masa matakala]

Jama'a, barkanmu da warhaka. Duk lokacin da Fafaroma ya hau jirgi zuwa wata ƙasa, WhatsApp kan cika da zance, daga Yelwa a Bauchi har Billiri da Kaltungo. Wasu su ce ya kusa zuwa Najeriya, har da rana da wata. Wasu su ce fushi yake da mu, shi ya sa yake tsallake mu. Duka biyun sun ɗauka cewa shi kaɗai ke zama ya zaɓi inda za shi. A nan kuskuren yake, kuma a nan za mu fi daɗewa yau.

Tarihi tukuna, a gurguje.

[Tsofaffin hotuna marasa launi]

Wannan Fafaroma Paul na 6 ne, a watan Janairun 1964, kan hanyarsa ta zuwa Jodan da Kudus. Shi ne Fafaroma na farko da ya yi tafiya a jirgin sama, shi ne kuma ya fara kawo ziyara irin wannan Afirka, a Yuganda, 1969. John Paul na 2 ya yi tafiya 104 zuwa ƙasashe 129, biyu daga ciki zuwa nan gida. A Fabrairun 1982, zamanin Shehu Shagari, ya je Legas, Anacha, Inugu, Kaduna da Ibadan, kuma a Kaduna ya naɗa sababbin fada-fada. Ya dawo a Maris 1998. Benedict na 16 ya zo har maƙwabta, Kamaru a 2009, Jamhuriyar Benin a 2011, bai shigo ba. Francis ya yi tafiya 47, bai zo Najeriya ba, bai kuma koma ƙasarsa ta haihuwa, Ajantina, ba har ya rasu a Afrilun 2025. Wanda bai leƙa gidansu ba, da wuya a ce mu ya ware.

To, ga gundarin maganar.

Fafaroma muƙami biyu yake riƙe da su. Shi ne shugaban mabiya ɗarikar Katolika sama da biliyan 1.3. Shi ne kuma shugaban ƙasar Vatican, wannan da kuke gani daga sama, hekta 44 kacal a tsakiyar birnin Roma, wadda yarjejeniyar Lateran ta 1929 ta kafa. Fadarsa na da hulɗar jakadanci da ƙasashe sama da 180. Shi ya sa idan ya sauka za ku ga jan kafet, faretin sojoji da taken ƙasashe biyu. Shugaban ƙasa ba ya faɗa wa wata ƙasa haka kawai, don haka sai an samu gayyata a rubuce daga gwamnatin ƙasar. Sannan tunda wurin mabiyansa ya zo, sai an samu gayyata ta biyu daga bishop-bishop na ƙasar. Kamar ɗaurin aure ne: ko masallaci ya cika, ko an raba goro, idan waliyyin amarya ko wakilin ango bai zauna ba, ba a shafa fatiha.

Ku lura da wanda ke sa hannu a kowace takarda. Ta gwamnati daga shugaban ƙasa take fitowa, ta bi hanyar jakadanci zuwa ofishin sakataren harkokin Vatican. Gwamna ba ya bayar da ita, sanata ba ya bayar da ita. Ta coci kuwa, bisa al'ada, daga majalisar bishop-bishop ta ƙasa baki ɗaya take fitowa, a nan Najeriya CBCN ke nan. Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, za ta iya yin maraba, amma ba ita ke aika wannan takarda ba. Bishop ɗin Bauchi, wanda yankinsa ya haɗa jihohin Bauchi da Gombe a ƙarƙashin lardin coci na Jos, yana da murya a cikin majalisar, kuma nan ne wurin da zai nemi a sa garinsa cikin jadawali. A tsakanin ɓangarorin biyu akwai jakadan Fafaroma da ke Abuja. Shi ke magana da gwamnati, shi ke magana da bishop-bishop, shi ke rubuta wa Roma yadda ya ga al'amura.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne gayyatar baki. Shugaba ya je Vatican, an yi musabaha, an ɗauki hoto, ya fito ya ce wa 'yan jarida ya gayyaci Fafaroma. Bishop-bishop ma idan sun kai ziyarar da suke kaiwa Roma lokaci-lokaci don ba da rahoton yankunansu, sukan ce masa ya zo ya gan su, shi kuma ya yi murmushi ya ce yana so. Washegari sai ka ga kanun labari. Wannan duk ladabi ne da fatan alheri, aiki bai fara ba.

Ga misalai uku, ku riƙe su.

[Taswirar Asiya]

A Oktoban 2018, shugaban Koriya ta Kudu Moon Jae-in ya kai wa Francis saƙon baki cewa Kim Jong Un na maraba da shi a Koriya ta Arewa. Francis ya nuna a shirye yake idan takarda ta zo a hukumance. Takardar ba ta zo ba, tafiyar ba ta yiwu ba.

Indiya kuma, bishop-bishop sun so, Francis da bakinsa ya ce yana sa ran zuwa Indiya da Bangladash a 2017. Ɓangaren gwamnati bai kammala ba, sai aka sauya, ya je Myanmar da Bangladash. Firaminista Modi ya gayyace shi a Oktoban 2021, duk da haka ba a kai ga tsayar da rana ba.

Rasha ta nuna ɗaya gefen. Shugaban Tarayyar Soviet Gorbachev ya gayyaci John Paul na 2, shugaban Rasha Yeltsin ma haka. Amma cocin Orthodox ta Rasha, wadda ita ce mafi rinjaye a can, ba ta amince ba, shi kuma bai yarda ya shiga ƙasar alhali shugabannin addininta na juya masa baya ba. Har yau babu Fafaroman da ya taka Rasha.

Me ya sa Vatican ke nacewa kan takardun nan biyu? Domin kowace takarda alkawarin ɗaukar nauyi ce. Gwamnati ce ke da tsaro, filin jirgi, rufe hanyoyi, motocin asibiti da asibitin da za a tanada ko da wani abu ya faru. Cocin ƙasar ce ke da filin sujada, dandamali, lasifika, mawaƙa, dubban masu aikin sa-kai, ruwan sha da makewayi. Ku dubi wannan taro: Kinshasa ne a Kwango, lokacin ziyarar Francis, 1 ga Fabrairun 2023, mutum sama da miliyan 1 a filin jirgin Ndolo. Wannan kuma Dili ne a Timor ta Gabas, Satumban 2024, kusan mutum 600,000, wato kusan rabin al'ummar ƙasar a fili ɗaya. Duk wanda ya taɓa shirya taron mutum 500 a zafin watan Afrilu a Gombe ya san ruwan sha kaɗai aiki ne. Idan ɓangare ɗaya ya ja ƙafa, rayukan mutane ne a tsakiya.

Wani abin da ya kamata a fahimta: amsa gayyatar shugaba ba yabon mulkinsa ba ne. A Maris 1998 Janar Sani Abacha ke mulki, an kuma dakatar da Najeriya daga ƙungiyar Commonwealth tun 1995. John Paul na 2 ya zo duk da haka, domin ɗaga darajar Fada Cyprian Michael Iwene Tansi zuwa matakin masu albarka, wato matakin da ke kafin na tsarkaka, a Oba kusa da Anacha, ranar 22 ga wata. A wannan ziyarar jami'ansa suka miƙa wa gwamnati sunayen fursunoni kimanin 60 suna neman a sake su, ya kuma gana da shugabannin Musulmi a Abuja. Ni a ganina wannan ne amfanin zuwan baƙo irin wannan: yana faɗin abin da na gida ke tsoron faɗi, a gaban mai mulki, cikin girmamawa.

Labarin Tansi ya nuna abu na uku da ake dubawa bayan takardu, wato dalilin zuwa. Tafiyar farko ta Fafaroma Leo na 14, wanda ya gaji Francis, zuwa Turkiyya da Labanon a ƙarshen Nuwamban 2025, an ɗaura ta ne kan cika shekara 1,700 da babban taron bishop-bishop da aka yi a Nicaea, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325. Sai kuma lokaci: Vatican na kauce wa ƙasar da zaɓe ya ƙarato, don kada hoton musabaha ya koma fostar kamfe. Leo ya san Najeriya, ya zo lokacin da yake shugabantar ƙungiyar fada-fada ta Augustinian tsakanin 2001 da 2013, kuma ƙungiyar na da tsohon tarihi a Yola, Maiduguri da Jos. Ina fatan idan ranar ta zo a sa Arewa cikin jadawali kamar 1982, don Kirista da Musulmin nan suna da abin da za su nuna masa, da abin da za su kai masa kuka a kai.

Sauran matakan, hotuna za su taya mu.

Tawagar share fage takan je ƙasar fiye da sau ɗaya, ta auna nisan kowace hanya da mintuna, ta duba matakala, ɗakin hutawa da ƙofar fita ta gaggawa. Bayan nan ne ofishin yaɗa labaran Vatican ke fitar da sanarwa, kuma kusan kullum da jimla ɗaya take farawa: bisa amsa gayyatar shugaban ƙasa da hukumomin coci. Daga baya tambari da taken ziyara su fito, sannan cikakken jadawali. Saƙon da ba shi da wannan sanarwa a bayansa, kada ku tura wa kowa.

[Cikin jirgi]

Fafaroma ba shi da jirgin kansa, haya ake yi. A da, kamfanin jiragen Italiya Alitalia ne, tun ƙarshen 2021 kuma ITA Airways, lambar tafiyar AZ4000. Sau da yawa jirgin ƙasar da ya ziyarta ne ke mayar da shi gida. A kujerun baya akwai 'yan jarida wajen 70, kuma kafafensu ne ke biyan kuɗin kujera. Kowace ƙasa da jirgin ya ratsa samaniyarta, ana aika wa shugabanta saƙon gaisuwa. A 2014, kan hanyar Koriya ta Kudu, har Xi Jinping na Sin ya samu nasa. Masauki yawanci gidan jakadansa ne, ba otal ba. Waɗannan masu baƙar kwat da ke gudu gefen motar, 'yan sandan Vatican ne da dogaran Swiss Guard cikin kayan farar hula, tare da jami'an ƙasar.

Ko bayan sanarwa, tafiya na iya rushewa. A Satumban 1994 an fasa zuwan John Paul na 2 Sarajevo saboda yaƙi, sai 1997 ya samu zuwa. Ziyarar Kwango da Sudan ta Kudu an tsara ta ne a Yulin 2022, ciwon gwiwar Francis ya sa aka ɗage ta zuwa farkon 2023. Tafiyarsa Dubai taron sauyin yanayi a Disamban 2023 kuwa, saura kwanaki kaɗan likitoci suka hana saboda ciwon huhu, sai Cardinal Pietro Parolin ne ya je ya karanta jawabinsa.