Shaci kafin allura: zaɓen kayan aiki da daidaita tazarar ɗinki a dukanci

Laccar da aka gabatar wa matasa masu koyon dukanci a Jos, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena dukawa da ke sahun gaba, ina neman izininku, domin abin da zan faɗa hannuwanku sun san shi tun kafin bakina ya iya furta shi. Ku kuma ƙannena masu koyo, da ku nake yau.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar baduku a Naraguta ya san yadda mai saye yake yi. Zai ɗauki alabe ko jaka ya shafa fatar, sa'an nan ya juya bayanta ya bi layin ɗinkin da ido, kuma a nan ne ciniki yake faɗawa ko ya watse. Fatarmu ba ta da abin kunya. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema suke jemewa da bagaruwa a rina ta da karan dafi, ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, saboda a can suke sayenta. Abin da yake karya mana farashi shi ne ɗinki, shi kuwa ɗinki tun wurin shaci ake gyara shi ko a ɓata shi. Tela yana iya farke abin da ya ɗinka ya sake, amma hujin da ka yi wa fata ya zauna ke nan.

Kada ku ruɗu da akwatunan da ake tallatawa a intanet masu ɗauke da tarkace iri-iri, domin yawancinsu a aljihun tebur za su yi tsatsa. Idan kuɗinka kaɗan ne, ka zuba su a kan basilla. Basilla mai zagayayyen baki tura fata take yi gefe, ta bar rami mai kumburi. Wadda nake so ku nema ita ce mai faɗin baki da kaifi a gefe biyu, wadda take tsaga fata a karkace ba tare da ta cire komai ba, ta yadda tsagar za ta koma ta rungume zaren. Ka wasa ta a dutse, ka goge ta a kan guntun kirgi har ta riƙa shiga ba da ƙarfin tuwo ba, domin basillar da ake dannawa da ƙarfi ita ce take fitowa inda ta ga dama a baya. Allura kuma mai dakusasshen tsini ake so, tun da aikinta bin hujin da aka riga aka yi ne.

Bayan basilla sai kamfas mai tsini biyu, da ƙarfen shaci mai haƙora wanda ya yi kama da cokali mai yatsu. Shi wannan ƙarfe iri biyu ne: akwai wanda alama kawai yake bari sai basilla ta ƙarasa, akwai wanda yake huda fatar har baya. Mai koyo ya fara da na biyun, ya sayi guda biyu masu tazara ɗaya, mai haƙora shida don miƙaƙƙen layi da mai haƙora biyu don lanƙwasa. A buga shi da gudumar katako ko ta roba, a kan katakon roba irin na yankan nama, domin gudumar ƙarfe tana cinye kansa, siminti kuma yana karya haƙoransa.

Yanzu ga batun tazara. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. A fatar akuya, wajen ɗinka alabe ko kuben ƙaramar wuƙa, huji 8 a inci ɗaya ya yi, wato milimita 3 da ɗan ɗoriya tsakanin huji da huji, da zare mai kaurin milimita 0.6. A kirgi mai kauri, irin na gafaka ko ɗamara, a sauko zuwa huji 6, kimanin milimita 4, da zare mai kaurin 0.8. Akwai masu ganin cewa matse huji shi ne gwaninta, ni kuwa ban yarda ba. Ku tuna yadda ake jera ƙananan huji a gefen kan sarki don ya yage da sauƙi; haka fata take yi idan huji ya yi kusa da juna fiye da kima. Idan kuma ya yi nisa, bakin aikin ya riƙa wangalewa.

Ka manna fatun biyu da gam, ka datse bakinsu ya miƙe tukuna, domin bakin ne kamfas zai bi, kuma in ya karkace layi ma zai karkace. Ka buɗe kamfas gwargwadon tazarar hujinka, ƙafa ɗaya tana jingine da baki, ɗayar tana jan siririn layi. Ban ba da shawarar a sassaƙa kwari a fatar akuya don zare ya kwanta ba, saboda ƙarfinta yana fuskarta ne, kuma ba ta da kaurin da za a rage. Duk lokacin da ka ɗaga ƙarfen shaci za ka ci gaba, ka mayar da haƙorinsa na farko cikin hujin ƙarshe, ka tsayar da shi ƙyam kafin ka buga. Ɗan sunkuyon da ido ba ya gani a gaba, a baya yake zama tafiyar maciji.

Kusurwa ce take tona asirin baduku. Ina yaro na ɗinka wata gafaka, na taho da huji lafiya lau har na iso kusurwa, sai ya rage mini rabin tazara, na kuwa cusa ɗan guntun ɗinki a wurin ina zaton ba mai lura. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai ce uffan ba. Yatsansa kawai ya ɗora a kan wurin ya miƙo mini. Abin da ya kamata shi ne ka fara sa alama a kusurwoyin, sa'an nan ka cike tsakaninsu. Gefe mai tsawon milimita 100 zai ɗauki tazara 25 daidai idan kowace milimita 4 ce. In kuwa 102 ne, to, ka ajiye ƙarfen tun da sauran tafiya, ka ɗauki kamfas ka raba rarar milimita 2 ɗin a kan tazara biyar ko shida na ƙarshe, ta yadda kowace za ta ƙaru da abin da ido ba zai kama ba.

Ɗinkin kansa ba zan daɗe a kai ba: zare ɗaya mai tsawon layin sau huɗu, a goga masa kakin zuma, allura a kowane baki, dukansu su bi ta huji ɗaya, kuma hannun da ya fara shiga shi zai riƙa farawa har ƙarshe, inda za a koma baya huji biyu ko uku a datse.

An raba wa kowa guntun fata da kamfas. Ku ja layi mai tsawon milimita 102, ku sa alama a bakinsa biyu, ni da iyayenmu za mu zagayo mu duba.